Tuƙin jirgin ruwa a tsibiran Bijagos, inda wata ke tsayar da lokacin tafiya

A tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau, idan ka nuna wa masunci wani wuri a teku ka tambaye shi zurfinsa, ba zai ba ka amsa ba sai ya ji da ƙarfe nawa za ka bi. Wurin da jirgi ya ratsa da hantsi lafiya lau, kafin la'asar mata ne za ka gani a kansa, sun duƙa suna tonon ƙumba a cikin laka. Ruwan yana hawa yana sauka sau biyu a yini, kuma idan wata ya cika, tsakanin cikar ruwan da janyewarsa yakan kai mita 4, a cikin kogin Geba wajen Bisau har ya zarce haka.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, kuma gyaran injin kwalekwale ne ya kai ni Banjul ta ƙasar Gambiya. A can wani dattijon Bature mai jirgin yawo ya ɗauke ni in kula masa da inji, daga baya ya sakar mini sitiyari. Jirgin na iska ne, mai ƙyalle da inji, tsawonsa mita 12. A ƙarƙashinsa akwai wani doron ƙarfe mai nauyi da ke hana iska kifar da shi, wanda ke nutsewa mita 1.6 cikin ruwa. Wannan doron shi ne dukan damuwarmu. Kwalekwalen masunta yana wucewa a ruwa iya gwiwa, mu kuwa sai ruwan da zai shanye mutum a tsaye. A gida na san kogi yana cika yana ja, amma bisa damina da rani, kana da watanni ka gane inda sabon yashi ya kwanta. Abin da Kwara ke yi a shekara, shi tekun nan ke yi tsakanin asuba da magariba, ya sake maimaitawa kafin gari ya waye.

Tsibiran 88 ne manya da ƙanana, kuma wajen ashirin ne kawai mutane ke zaune a cikinsu shekara da shekara. Duk a kwance suke, babu tsauni, babu tudu mai tsawo da za ka riƙe a matsayin alama. Daga nesa abin da ido ke gani layi ne kore na itatuwan ruwan gishiri, waɗanda ake kira tarrafe a can, da kawunan kwakwar manja a bayansu. Mun shiga ne da hunturu, lokacin da babu hadarin damina, amma hazo yakan sauka har tsibirin da ke gabanka ya ɓace. Fitilun hanya da alamomin da ake dasawa a ruwa ba su da yawa, wanda ke cikin taswira ma ba lallai ka tarar da shi a wurinsa ba.

Taswirar kanta sai an yi hattara da ita. Yawancin awon da ke cikinta tun zamanin mulkin Fotugal aka yi shi, kafin 1974, kuma wadda ke cikin kwamfutar jirgi daga waccan tsohuwar aka kwafo ta. Manyan hanyoyi suna nan inda aka zana su, amma tudun yashi ba ya zama wuri ɗaya. Kogin Geba da sauran koguna suna zubo laka kullum, ruwa yana kwasa daga nan ya jibge can. GPS zai nuna maka daidai inda kake a doron duniya, wannan gaskiya ne, sai dai bai san abin da ke ƙarƙashinka yau ba. Na sha ganin allon yana nuna muna tsakiyar hanya mai zurfin mita 5, alhali ga zalɓe tsaye a gefenmu ruwa bai kai masa ciki ba.

Abin da ya fi komai amfani a wurina shi ne lissafin wata, kuma nan ne na ga Bahaushe yana da abin da ya riga ya iya tun daga gida. Wata ne ke jan ruwan teku, rana tana taya shi. Idan suka daidaita a layi ɗaya, wato lokacin da wata ya ɓata zai tsaya da kuma daren sha huɗu, ƙarfinsu yana haɗuwa, sai ruwa ya cika fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum. Mafi girman cikar takan zo kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wajen bakwai ga wata da wajen ashirin da biyu kuwa, ruwan yana lafawa, hawansa kaɗan, saukarsa kaɗan, gudunsa ma da sauƙi. Maigidan yana da littafin da aka buga lokutan a ciki, ni kuma kwanan watan Musulunci kawai nake tunawa in gaya masa irin makon da muke ciki, kuma ba mu taɓa saɓawa ba. Masuntan Nhominca da ke zuwa daga Senegal, waɗanda nake bin jam'i da su a bakin ruwa, su ma da wata suke lissafi, ba su da takarda ko ɗaya.

Kowace rana cikar tana jinkiri da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkiri. Daga ƙarshen janyewa zuwa ƙarshen cika awa 6 ne da 'yan mintoci. Amma ruwan ba daidai wa daida yake hawa a cikin awannin nan ba, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ta mamaki. Ma'aikatan jirgi suna raba dukan hawan kashi 12. A awa ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowacce, ta biyar 2, ta shida 1. A ce hawan ranar mita 3.6 ne, kowane kashi santimita 30 ke nan. Awa ta farko za ka zauna kana kallon ruwa kamar bai motsa ba, ta uku da ta huɗu kuwa rabin ruwan gaba ɗaya zai shigo, kana kallon yashi yana nutsewa.

Ga yadda muke aiki da shi. A ce akwai tudun yashi a bakin wani rafi da muke son shiga, kuma da ruwa ya gama ja na auna na sami santimita 30 a kansa. Jirginmu yana son mita 1.6, muna ƙara rabin mita na kariya, ya zama 2.1. Ke nan muna jiran ƙarin mita 1.8. Santimita 30 da 60 da 90, cif awa uku. Sai mu ɗaga anka a daidai lokacin, mu bi a hankali. Abin da ya sa wannan lokacin ya fi kowane kyau shi ne har yanzu da sauran mita 1.8 da zai shigo a bayanmu. Idan doron ya taɓa ƙasa, kuma yakan taɓa, sai a mayar da giya fili a jira minti goma, ruwa da kansa zai ɗaga jirgin.

Wannan ita ce dokar da ban yarda a karya ba: wurin da ba mu sani ba, da hawan ruwa muke shigarsa, kuma ba ma bari sai ya kusa cika. Mutane da yawa suna ganin dabara ita ce a jira ruwa ya kai ƙarshen cikarsa sannan a wuce, tunda a lokacin ya fi zurfi. Nan ne haɗarin yake. Wanda ya kafe a ƙarshen cika ba shi da sauran ruwan da zai zo ya ɗauke shi, abin da ke gabansa sauka ce kawai. Jirgi mai doro irin namu idan ruwa ya gudu ya bar shi, kwanciya yake yi a gefe ɗaya, kaya su zube, mai ya tsiyaye, kuma idan ruwa ya dawo yana iya shiga ta sama kafin jirgin ya miƙe. Mafi muni shi ne a kafe a ƙarshen babbar cika ta tsakiyar wata, don gobe ruwan ba zai kai inda ya kai yau ba, jibi ma haka. Na ga wani jirgin kamun kifi a kan yashi kusa da tsibirin Canhabaque da hakan ta same shi. Mutanensa sun tokare shi da itace suna zaune a inuwarsa, suna jiran watan ya mutu ya sake tsayawa, mako biyu ke nan kifi bai shiga hannunsu ba. Tun daga ranar, idan babbar cika ta wuce ruwa ya fara raguwa kullum, nakan ƙara kariyar da nake bari a ƙarƙashinmu.

An gaya mini a wasu tsibiran duniya ruwa garau yake, matuƙi yana gane zurfi da launi. A Bijagos wannan ba ya yi maka aiki sosai, musamman ta ɓangaren gabas kusa da bakin koguna, inda ruwan yake a gurɓace da laka. Fuskar ruwan ake karantawa. Inda yake gudu sumul, da ɗan duhu, yawanci nan ne hanya. Inda ya yi ƙananan tuƙu-tuƙu yana karkarwa wuri ɗaya, ƙasa ta matso. Layin kumfa da ganyaye da ke miƙewa a kan ruwa sau da yawa yana bin gefen tudun yashi. Sandunan da masunta ke kafawa don raga suna gaya maka cewa mutum ya taɓa tsayawa a nan da ƙafarsa. Tsuntsaye ma suna taimako, don lokacin hunturu tsibiran cike suke da tsuntsayen bakin ruwa da ke gudo sanyin Turai, kuma duk inda suka jeru a tsaye, kauce masa. A cikin rafukan da ke ratsa tarrafe, ilimin kogi bai canza ba: a kwana, zurfi yana gefen waje inda ruwa ke cin gaɓa, yashi yana taruwa a gefen ciki. Wanda ya yanke kwana don ya rage hanya zai hau.

Amma duk wannan karatu bai kai zuwa da kai ba. Gani ya kori ji. Kafin mu shigar da babban jirgi ko'ina, muna ajiye shi a wuri mai zurfi, in ɗauki ƙaramin kwalekwalen roba da gora mai tsawon mita 3 wadda na yi wa zobe da fenti kowane rabin mita, in tafi daidai lokacin da ruwa ya gama ja. A wannan awa ƙasar teku a buɗe take, kana ganin kowane tudu da kowane lungu da idonka, kana ganin inda ragowar ruwa ke bi. Ina dungura gorar ina danna alama a ƙaramin GPS na hannu, ina kuma duba irin ƙasar: laka ce mai riƙe anka, ko yashi, ko jan dutse. Dutsen nan shi na fi tsoro, don akwai shi a gefen wasu tsibiran, kuma laka tana yafe wa jirgi, shi ba ya yafewa. Idan zan sauka cikin ruwa sai da takalmi, kuma ina jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda kunamar ruwa tana kwanciya a cikin yashi kuma suna da yawa a can. Wannan aikin yana cinye rabin yini, wani lokaci don tafiyar da ba ta wuce ta minti ashirin ba. Ban taɓa jin an yi asarar lokacin ba.

Sai gudun ruwa. Tsakanin garin Bubaque da tsibirin Rubane da ke fuskantarsa, idan wata ya cika ruwan yana gudu da ƙarfin da na'urarmu ta sha nuna kilomita 6 cikin awa, jirginmu kuwa da inji bai fi 11 ba. Idan ka bi shi, tafiya ta yi daɗi har ta yi yawa, don yana iya kai ka kan tudu kafin ka juya. Idan ka tare shi, mai kawai kake ƙonawa. Wanda ya fi yaudara shi ne mai bugun gefe. Hancin jirgi yana kallon inda kake so, kamfas bai motsa ba, amma jirgin gaba ɗaya yana zamewa gefe. Maganinsa shi ne ka zaɓi abu biyu a tudu, ɗaya a gaban ɗaya, misali doguwar kwakwa da wani farin yashi a bakin gaɓa, ka riƙe su a layi. Da zarar sun rabu, ruwa ya ɗauke ka. Kana kuma waiwayawa baya akai-akai, don inda ka fito yana nuna zamewar fiye da inda za ka. Idan iska ta taso tana fuskantar gudun ruwan, raƙuman ruwa gajeru masu tsini suke tashi, jirgi ya yi ta sara. Ba a gardama da su, jira ake ruwa ya juya, cikin awa ɗaya wurin zai kwanta.

Ajiye anka ma da nasa lissafin. Lambar da na'urar auna zurfi ta nuna lokacin da ka tsaya ba ita ce ta dare ba. Idan ka iso da cikar ruwa ka ga mita 5, kuma ruwan zai sauka mita 4, to a kan mita 1 ka kwana. Sai ka cire saukar da ta rage ka ga ko abin da ya saura zai ɗauke ka. Tsawon sarƙa kuma da cikar ruwa ake auna shi: wurin da ke da mita 3 a janye zai zama 7 a cike, muna sakin ninki biyar, mita 35. Da ruwa ya ja, wannan doguwar sarƙar tana ba jirgi damar yawo a fili mai faɗi, kuma duk bayan awa shida ruwan yana juyawa ya juya jirgin zuwa ɗaya gefen. Saboda haka kafin a saki anka nakan zagaya da jirgin in auna da'irar gaba ɗaya. Lokacin juyawar nan ne anka ke iya tumɓukewa, don haka nakan tashi in duba, ko da ƙarfe nawa ne na dare. Maigidan yakan ce in kwanta, ƙararrawar na'ura za ta tashe mu. Nakan ce masa, “Ranka ya daɗe, bari in gani da idona,” in fita in ɗora tafin ƙafa a kan sarƙar. Idan anka yana jan ƙasa, za ka ji karkarwarsa a ƙafarka tun na'ura ba ta sani ba.

A matsayina na makanike, abu ɗaya zan ƙara. Injin jirgi da ruwan teku yake sanyaya kansa, kuma duk lokacin da farfela ta tayar da laka a wuri marar zurfi, lakar tana shiga matatar ruwan. Wanda ya kafe ya yi ta taka inji da ƙarfi don ya fita, yashi yake ɗura wa famfonsa. Gara a ɗauki ƙaramin anka a kwalekwale a kai shi can cikin zurfi, a ja jirgin da igiya idan ruwa ya ƙaru. Kowace yamma ina buɗe matatar in wanke, man dizal da muka saya a jarka kuma sai na tace shi kafin ya shiga tanki.

Ba ruwa kaɗai ake neman izininsa a Bijagos ba. Tsibiran suna da masu su, kuma mutanen sun riƙe al'adarsu da ƙarfi. Mutanen Canhabaque ba su miƙa wuya ga Fotugal ba sai 1936, kuma a ƙauyen Eticoga na tsibirin Orango har yau ana girmama kabarin sarauniyarsu Okinka Pampa, wadda ta rasu a 1930. Akwai tsibirai da kurmi da suke ɗauka masu tsarki, wasu ba a kwana, wasu ba a zubar da jini, wasu baƙo ba ya taka su sam. Addinina daban ne da nasu, amma ƙasarsu ce, kuma wannan hani nasu yana cikin abin da ya sa wurin ya tsira da dabbobinsa. Duk inda muka tsaya kusa da ƙauye, sai mun sauka mun gaida dattawa mun faɗi abin da ya kawo mu kafin mu taɓa komai. A irin wannan gaisuwa ce wani tsoho ya zana mana hanyar shiga wani rafi a kan yashi da sandarsa, ya nuna inda dutse yake, abin da babu shi a taswirarmu. Da na je da gora na auna, yadda ya zana haka na tarar.

Ta ɓangaren hukuma kuma, UNESCO ta sanya tsibiran cikin wuraren da ake kare halittunsu tun 1996, a 2025 kuma wani yanki nasu ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Orango gandun daji ne na ƙasa, inda dorinar ruwa ke rayuwa har cikin ruwan gishiri, abin da ɗan bakin Kwara zai so ya gani da idonsa, kuma ya san ya ba ta hanya idan yana cikin kwalekwalen roba. Tsibiran João Vieira da Poilão ma gandu ne, kuma Poilão na cikin manyan wuraren da kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai a Afirka, galibi da damina zuwa ƙarshenta. IBAP, hukumar kare gandun daji da halittu ta ƙasar, ita ce ke kula da su, ana neman izini kuma ana biyan kuɗi kafin a shiga. Mun tsaya a Bolama ma, wadda ita ce hedikwatar mulkin Fotugal har zuwa 1941, manyan gine-ginenta suna nan itatuwa sun tsiro a cikinsu.

Ranar fita muka yi abin da muka ƙi yi tun zuwanmu, muka bi janyewar ruwa. Dalili shi ne babbar hanyar Geba tana da zurfin da manyan jiragen kaya ke bi zuwa Bisau, mun kuma riga mun san ta, saboda haka saukar ruwa ba barazana ba ce, abin hawa ce. Mun zaɓi kwanakin da ruwa ke lafawa, wato wajen bakwai ko ashirin da biyu ga wata, lokacin da gudun ruwan ke da sauƙi, don kada ya haɗu da iskar arewa a bakin teku ya tayar mana da raƙuma. Ƙananan hanyoyin da ke tsakanin tsibirai muka ratsa tun ruwa yana hawa, muka isa babbar hanya daidai yana juyawa, ya tura mu yamma har muka wuce tsibirin Caió da ke bakin teku. Sai da na'urar auna zurfi ta daɗe tana nuna sama da mita 20 sannan muka kashe inji, muka ɗaga ƙyalle, muka juya hanci arewa zuwa Banjul.